Wa Zai Biya Kuɗin Kumfa? Kwangilar Farfaɗo da Hanyoyin Ruwa a Tsibiran Fulorida

A can ƙarshen kudancin jihar Fulorida ta Amurka akwai jerin ƙananan tsibirai da ake kira Florida Keys. Titi guda ne ya haɗa su, mai tsawon mil 113 da gadoji 42, daga gaɓar babbar ƙasa har zuwa garin Key West. Mafi yawansu suna ƙarƙashin gundumar Monroe, ɗaya daga cikin gundumomi 67 na jihar, wadda kwamishinoni biyar zaɓaɓɓu ke tafiyar da ita, mutanenta kuma sun ɗan haura dubu 80 a ƙidayar 2020. Gunduma a tsarin Amurka ta yi kusa da ƙaramar hukuma, sai dai tana da harajinta, tana kuma ba da kwangilarta da kanta.

Fiye da shekara goma ke nan wannan gunduma tana fama da wani aiki da ba a saba jin ƙaramar hukuma na yi ba, wato ɗaukar 'yan kwangila su dawo da rai cikin ruwan da ya mutu. A tsakanin gidajen tsibiran akwai hanyoyin ruwa na haƙa, kanal fiye da 500, inda mazauna ke ɗaure jiragensu a ƙofar gida. Ruwan da yawa daga cikinsu ya ruɓe, yana wari, kifi ba ya iya zama a ƙasansa. Abin da na fahimta daga bin wannan batu shi ne, samo kuɗin gini da zaɓen ɗan kwangila su ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Wuyar tana ga abin da ke biyo bayan ranar miƙa aiki, domin kwangila tana da ranar ƙarewa, ciyawar teku kuwa kowace shekara sai ta dawo.

Asalin matsalar haƙa ce. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970, masu sayar da filaye sun gane cewa fili mai bakin ruwa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Tsibiran kuwa ƙasarsu a kwance take, da kaɗan ta ɗara teku tudu, gefensu kuma duk fadamar itatuwan bakin teku ce. Sai suka riƙa fasa dutsen ƙasa suna haƙa dogayen ramuka, su kwashe abin da suka haƙo su cike fadama ta zama tudun gini, ramin kuma ruwan teku ya shiga ya zama hanyar jirgi. Duk wanda ya san kududdufin tsohon birni ya san wannan lissafin: ƙasar da aka gina gidaje da ita daga nan aka ɗebo ta, ramin da ya rage kuma shi ke tara duk abin da unguwa ta zubar. Da yake dutsen cikon suke nema, ba su tsaya a zurfin da jirgi ke buƙata ba. Ƙaramin jirgi ƙafa shida ta ishe shi, amma an haƙa wasu kanal ƙafa ashirin, wasu ma fiye. An kuma yi su dogaye, masu kwana-kwana, bakinsu ɗaya, ƙarshensu a toshe, don a sami filaye masu yawa a gefensu.

Irin wannan siffa ita ke kashe ruwa. Cikowa da janyewar teku a tsibiran ba su da ƙarfi, don haka ruwan da ke can ƙuryar kanal yakan daɗe bai canja ba. Idan kuma ramin ya fi bakinsa zurfi, ruwan ƙasa ba shi da hanyar fita ko kaɗan. Na sama yana samun rana da iska, na ƙasa yana kwance cikin duhu. Duk abin da ya nutse can, ƙwayoyin halitta za su hau ruɓar da shi suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Da ta ƙare sai wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatarta su karɓi aikin, su kuma suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi, tana damun numfashin mutum, tana kuma cin ƙarfe da wayoyin lantarki. Dokar jihar ta ce bai kamata oksijin a irin wannan ruwan teku ya riƙa sauka ƙasa da kashi 42 cikin ɗari na abin da ruwan zai iya ɗauka ba. Kanal masu yawa ba su kai wannan ma'auni ba.

Da farko an ɗora laifin kan masai, kuma da gaskiya a ciki. Dutsen tsibiran mai ƙofofi ne, ruwa na ratsa shi yadda ya ga dama. A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike sun zuba wata alama da ba ta cutarwa a masan gidaje a tsibirin Key Largo, sai ga ta a ruwan kanal cikin sa'o'i. A 1999 majalisar jihar ta kafa doka cewa a daina dogaro da sokawe da ramukan masai, a haɗa gidaje da manyan bututun kwasar ƙazanta. An sa wa'adin 2010, aka ƙara shi zuwa 2015, aikin kuma ya ci kusan dala biliyan ɗaya. Ya rage ƙazantar da ke shiga ruwa ƙwarai. Amma bai cike rami ko ɗaya ba, bai buɗe toshiyar kanal ko ɗaya ba, bai kuma taɓa baƙin taɓon da ya yi shekara hamsin yana taruwa a ƙasa ba.

Wannan taɓo yawancinsa ciyawa ce. Iri biyu ne ke shiga kanal. Akwai ganyen ciyawar da ke tsirowa a ƙasan teku mara zurfi, wadda ke zubar da tsohon ganye ya taso saman ruwa. Ita wannan ciyawa alheri ce a inda take, domin nan ƙananan kifaye ke girma, nan kunkurun teku ke kiwo. Akwai kuma sargasam, wata ciyawa mai launin ruwan ƙasa da ba ta da saiwa, tana yawo a saman teku da 'yan ƙulle-ƙulle masu iska a jikinta. Idan bakin kanal ya fuskanci inda iska ke kaɗowa, sai ta turo su ciki, su taru a ƙurya, su nutse bayan 'yan kwanaki. A wasu kanal na tsibirin Big Pine Key kaurin taɓon ya kai ƙafa da dama.

Sargasam ta sauya lissafin kowa tun daga 2011. Kafin nan an fi saninta a wani yanki na arewacin tekun Atilantika da ake kira da sunanta. A shekarar ce ta fara bayyana da yawa a tsakiyar tekun, ta zama wani dogon layi da ya taso daga gaɓar Afirka ta Yamma har zuwa tekun Meziko. Masana a Jami'ar Kudancin Fulorida, waɗanda ke bin ta da hotunan tauraron ɗan'adam, sun auna ta a watan Yunin 2018 suka sami fiye da tan miliyan 20, tsawonta kilomita 8,850. A watan Mayun 2025 ta haura tan miliyan 37. Masunta a yammacin Gana da Saliyo da gaɓar Najeriya sun san ta sarai, ita ce ke cika musu koma ta hana su kamu. A tsibiran Matinik da Gwadalup na Faransa, likitoci sun ƙirga fiye da mutum dubu 11 da iskar ruɓarta ta taɓa lafiyarsu cikin wata takwas na farkon 2018. Dalilan yawaitar ciyawar da masana ke dubawa sun haɗa da sauyin iska da igiyar ruwa da ya kai irinta wani sabon wuri, da ruwan ƙasan teku mai ɗauke da abincin tsiro da ke tasowa kusa da Afirka, da abin da manyan koguna irin su Amazon ke zubarwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke hannun kwamishinonin gundumar Monroe.

Kwangilar farko da gundumar ta bayar ta sanin halin da ake ciki ce. Kamfanin injiniyoyi na AMEC ya bi kanal ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya auna zurfi da oksijin da kaurin taɓo, ya fitar da babban tsarin aiki a 2013. Cikin kanal 502, an sami 171 masu ruwa mai kyau, 180 matsakaita, 131 kuma sun lalace, sauran ba a sa su a wani rukuni ba. An ba kowanne lamba. Wannan lamba ta yi amfani fiye da yadda ake zato, domin da ita gardama ta tashi daga "unguwarmu na wari" ta koma "kanal mai lamba kaza, ga ma'auninsa, ga matsayinsa a layi". Inda babu jeri irin wannan, wanda ya fi kusa da kwamishina shi ake fara yi wa aiki.

Akwai wata doka a Fulorida tun 1973 da ta hana hukuma zaɓen injiniya bisa arahar farashi. Sai an jera kamfanoni bisa ƙwarewa, sannan a zauna ciniki da na farko, in ba a daidaita ba a wuce na biyu. Aikin ginin kansa kuwa akan buɗe shi ga masu tayi, wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi ƙanƙanta ya samu. Ina ganin hikima a wannan rabo. Injiniyan da ya yi kuskuren gane cutar kanal zai sa a kashe miliyoyi kan maganin da bai dace ba, ko da ɗan kwangilar gini ya yi aikinsa tsaf.

Maimakon ta faɗa wa ɗaruruwan kanal lokaci guda, gundumar ta ware dala miliyan biyar da farko don gwaji a kan 'yan kaɗan, ta ƙara daga baya. Hanyoyin da aka gwada kowacce da cutar da take magani. Inda zurfi ne matsala, a cike ramin da dutse da yashi. Inda toshiya ce, a fasa kwalbati a ƙarƙashin titi a haɗa kanal biyu ruwa ya riƙa wucewa. Inda taɓo ya yi kauri, a zuƙe shi da injin. Inda ciyawa ke shigowa, a sa mata shinge a baki. Shingen da ya fi shahara shi ne labulen kumfa: ana shimfiɗa bututu mai ƙananan huda a ƙasan bakin kanal, injin hura iska yana aiki a gefe dare da rana, kumfar da ke tasowa tana tura ruwan sama waje ta hana ciyawa shiga, jirgi kuma ya wuce ta kai ba tare da an buɗe masa komai ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan gwaji shi ne ba a bar ɗan kwangila ya auna aikin kansa ba. Masana daga Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Fulorida da ke Miyami ne suka auna ruwan kafin aiki da bayansa, suka kuma kwatanta da kanal na kusa da ba a taɓa ba. Sakamakon ya bambanta. A kanal mai lamba 29 da ke Sexton Cove a Key Largo, wanda aka rage zurfinsa daga fiye da ƙafa 20 zuwa ƙasa da ƙafa 10, sauyin ya fito nan da nan: rana ta kai ƙasa, oksijin ya dawo, tsiro ya fara kama sabon yashin. Labulen kumfa shi kaɗai ya tare ciyawa, amma tsohon taɓon da ke ciki ya ci gaba da cinye oksijin. Zuƙe taɓo kuma, in ba a tare bakin ba, buɗe wa sabon taɓo wuri ne kawai. Shi ya sa a kanal irin mai lamba 266 a Big Pine Key aka haɗa biyun. Ba don ma'aunin wani na gefe ba, da duk ayyukan an rubuta su a matsayin nasara, tunda duk an kammala su yadda takarda ta ce.

Kwalbatin da aka fasa a Geiger Key ya nuna wani abu dabam. Ruwa ya gudana, oksijin ya ƙaru, amma wasu mazauna suka koka cewa ciyawa ta fara taruwa a gefensu, har aka toshe shi na wani lokaci. Wanda aka gyara wa maƙwabci aka turo masa wari ba zai gamsu da jadawalin masana ba, kuma yana da gaskiyarsa. Tuntuɓar mutanen ɓangarorin biyu kafin a fasa ƙasa ya kamata ta zama sharaɗi a cikin kwangilar injiniya, da kuɗinta da lokacinta.

Izini ma yana cin lokaci. Ruwan da ke kewaye da tsibiran gandun teku ne na tarayya tun 1990, mai kare duwatsun murjani mafi girma a gaɓar babbar ƙasar Amurka, jihar kuma ta ayyana yankin a matsayin wurin da ke buƙatar kulawa ta musamman tun shekarun 1970. Kafin a zuba tifa ɗaya ta yashi sai an sami amincewar injiniyoyin sojan Amurka, da hukumomin muhalli da na ruwa na jiha, da masu kula da gandun. Dole ɗan kwangila ya kewaye wurin aiki da labulen da ke hana gurɓataccen ruwa fita, ya kuma tsayar da injin idan ayu ya shigo kusa. Taɓon da aka zuƙo sai an tsane shi kafin a ɗauka, ga shi fili ya yi ƙaranci, ko sharar gidajen tsibiran ma da mota ake fitar da ita zuwa babbar ƙasa. Waɗannan duka suna shiga farashi.

Sai batun da ya fi zafi, wato wa zai biya. Kuɗin gini ya fito daga wurare da dama: harajin sayayya na gunduma da aka keɓe wa manyan ayyuka, da kason tarar da aka ci bayan malalar man Deepwater Horizon ta 2010 wanda dokar tarayya ta 2012 ta raba wa yankunan gaɓar, da kuɗin da jiha ke bayarwa ƙarƙashin dokar kula da tsibiran ta 2016. Duk waɗannan kuɗi ne na yi sau ɗaya. Injin hura iska kuwa yana shan lantarki kullum, gishiri na cin sa, hudojin bututun suna toshewa. Don haka gundumar ta ɗauki tsarin da dokar jihar ta ba ta dama: a shata gidajen da ke bakin kanal ɗin da aka gyara, a ɗora musu wani kuɗi na musamman a kan takardar harajin gida ta shekara, da shi za a biya ɗan kwangilar kula da kayan.

Kowane ɓangare yana da hujja. Mai dafa abinci a otal ɗin Key West, wanda ke haya nesa da ruwa, zai iya tambaya don me harajin sayayyarsa zai tafi gyaran ƙofar mai jirgi, gyaran da zai ƙara wa gidan daraja. Mai gidan kuma zai ce ba shi ya haƙa ramin ba, hukuma ce ta ba da izini a lokacin, ciyawar kuma daga tsakiyar teku take zuwa. Ba kowa ne a bakin kanal attajiri ba, akwai tsofaffin da suka ajiye aiki da masunta da suka sayi fili tun yana araha. Ni a ganina rabon da aka yi ya kusa da adalci. Ruwan kanal ba ya tsayawa a kanal, yana fita ya taɓa ciyawar ƙasan teku da murjanin da kamun kifi da yawon buɗe ido na gundumar duka suka dogara da su, don haka gyaran siffar ramin nauyin jama'a ne. Hana ciyawa shiga ƙofar mutum kullum kuwa amfaninsa ya fi komawa ga mai ƙofar. Abin da zan ƙara shi ne a amince da kuɗin kulawar kafin a sa hannu a kwangilar gini, a kuma yi sassauci ga wanda ba shi da hali, domin injin da aka kafa ba tare da mai biyan lantarkinsa ba zai tsaya, taɓon da aka kashe dukiya wajen zuƙewa ya dawo.

Ranar 10 ga Satumban 2017 mahaukaciyar guguwar Irma ta sauka a Cudjoe Key, dab da Big Pine Key inda aka yi yawancin gwajin. Ta lalata kayan da aka kafa a wasu kanal, ta cika ɗaruruwa da rufin gidaje da jirage da motoci da firji. Sai da ma'aikatar aikin gona ta tarayya ta ba da tallafin kimanin dala miliyan 49 kafin aka iya ɗaukar 'yan kwangilar kwashe tarkacen, aikin da ya shiga 2019. Ramin da aka cike da dutse ba shi da injin da guguwa za ta ɗauke, kwalbati ma haka. A wurin da guguwa ba baƙuwa ba ce, wannan kaɗai ya isa a fifita gyaran da ba ya buƙatar lantarki a duk inda siffar kanal ta ba da dama, ko da ya fi tsada a ranar farko.

Saura tambayar abin da za a riƙe ɗan kwangilar kulawa da shi. Idan aka ce za a biya shi bisa tan nawa na ciyawa ya kwashe, ba shi da dalilin son a tare ta a baki. Idan aka ce sai oksijin ya kai wani ma'auni, an ɗora masa alhakin iska da teku, kuma ko dai ya ƙi aikin ko ya ninka farashi. Abin da yake hannunsa shi ne a auna shi da shi: awa nawa injin ya yi yana aiki a wata, cikin kwana nawa yake zuwa idan ya lalace, nawa ne kaurin sabon taɓon da ya kwanta a shekara. Ma'aunin ruwan kuma ya zauna a hannun masu bincike na gefe, a riƙa buga shi kowa ya gani, da kuɗin da ba ya ƙarewa tare da tallafin gini. Dole kuma kwangilar ta faɗi inda za a kai abin da aka kwashe, domin sargasam tana tara sinadarin asinik a jikinta, ba a zuba ta gona ko a ba dabba ba tare da gwaji ba. Tunda kuma yawanta a 2025 ya kusa ninka na 2018, farashin da aka yanka bisa shekara mai sauƙi ba zai riƙe ba. Gara a rubuta farashi biyu tun farko, na shekarar da aka saba da na shekarar da ciyawa ta yi ambaliya, a ɗaure sauyin da rahoton tauraron ɗan'adam da Jami'ar Kudancin Fulorida ke fitarwa kowane wata, wanda yakan nuna tahowarta tun tana tsakiyar teku.